Yadda ake haɗa sabulun wanka a gida ba tare da an dafa ba

Tun da na fara nuna wa mata sabulu abu ɗaya nake ta fama da shi, awo da gwangwanin madara. Dan Allah a ajiye gwangwanin nan a sayi ɗan sikelin kicin mai nuna giram, shi sabulu nauyi ake aunawa, in kostik soda, wato sinadarin da ke mayar da mai sabulu, ta ɗan yi yawa fatar mutum za ta gaya masa.

Haɗin da nake yi na kilo ɗaya na mai ne: manja giram 500, man kwakwa 300, man kaɗe 200, sai kostik soda giram 144 da ruwa 330. Kar ki ce man kwakwa ya yi tsada bari in maye shi da man gyaɗa a bar soda yadda take, kowane mai da yawan sodar da yake ci, na kwakwa ya fi su ci nesa ba kusa ba. Manjan kuma ni sai na soya shi a tsakar gida har jan ya dushe, in ba haka ba kumfar ma rawaya za ta fito ta ɓata miki tawul.

Ki sa safar hannu da tabarau, a kore yara. Ruwa za ki fara zubawa a roba mai kauri sannan ki riƙa barbaɗa sodar a ciki kina juyawa, ba a zuba ruwa a kan soda, tafasowa take ta fantsamo. Tukunyar dalma kuwa ko kusa, soda cinye ta take. Ruwan sodar zai ɗau zafi sosai da wani tururi mai shaƙe wuya, ki bar shi a waje ya huce. In ya taɓa ki a wanke da ruwa mai yawa nan take.

To ga inda ni na sha kashi. Ki narkar da mayukan gaba ɗaya, ki bari su da ruwan sodar su zama ɗumi-ɗumi, wajen digiri 40, sannan ki tsiyaya ruwan sodar cikin man kina juyawa. Abin da ake jira shi ne ya yi kauri kamar koko, in kin ɗaga muciya kin ɗiga a kai layin ya tsaya kafin ya nutse. Karona na farko lokacin hunturu ne, na bar ruwan soda ya kwana ya yi sanyi ƙalau, ina zubawa ko minti uku ban yi ba abu ya yi kauri, ni murna wai hannuna da albarka, na juye a mazubi. Ashe man kaɗe da manja ne suka daskare saboda sanyi, ba haɗuwa suka yi ba. Washegari na buɗe na tarar mai yana iyo a sama, ƙasan kuma wani tsiki-tsiki kamar awara ta ɓaci, kilo guda ya tafi a banza. Kaurin gaskiya sumul yake yana sheƙi, na ƙarya gudaji-gudaji ne, kuma in kin ci gaba da juyawa sai ki ga ya sake tsinkewa. Da muciya zai iya kai ki awa ɗaya ko fiye, da bulandar hannu mintuna kaɗan ne, in da hali ki saya ko ta gwanjo ce, amma kar ta koma wa miya.

Turare a ƙarshe ake sawa, ki yi sauri don wani yana sa shi ya daskare a robar. Ki juye a mazubi, kwali ma ya yi in kin shimfiɗa leda, ki rufe da tsohon zani, bayan kwana ɗaya ko biyu ki yanka. A jera a inuwa inda iska ke shiga sati 4 zuwa 6, ana juya su lokaci-lokaci. In kin ga farar hoda a sama ba lalacewa ya yi ba, ki kankare da wuƙa kawai.