Darasi na 9: Murfin Giris na Tayar Tirelar Jirgin Ruwa

A birnin Kano akwai masu jirgin ruwa mai inji da ke ajiye shi a gida. Idan za su fita, sai su ɗora shi a kan ƙaramar tirela, mota ta ja shi zuwa madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa. Tiga dai an kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma nisanta daga birni ya kai kusan kilomita 70. Kafin a isa, taya ta gasu.

A tsakiyar kowace taya akwai ɗan murfin ƙarfe, girmansa kamar gindin ƙaramin gwangwanin tumatir. Shi ne murfin giris. Yana tsare giris a cikin boris, wato ƙarafan da ke mirgina a ciki don taya ta juya da sauƙi, yana hana ƙura da ruwa shiga. Ba shi da noti, ba shi da zare. Matsewa kawai yake yi a bakin hob, wato ƙarfen da taya ke juyawa da shi. Idan ya faɗi a hanya, yashi zai shiga, boris ya ci kansa, wata rana taya ta fice tana gudu.

Ni da kaina na sha wannan wahala. Sau uku ina zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen murfi a cikin damina ɗaya. A na ukun, wani dattijon bakanike da ke zaune kusa da shagon ya kira ni.

"Malam, murfin nan cinye shi kake yi ne?"

Na ce, "Baba, jabu suke sayar mini."

Ya yi dariya, ya ce in kawo tirelar. Da na kawo, ya ɗaga ta da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Sai muka ji ƙas-ƙas. Ya ce, "Ka ji ɓarawonka. Notin ciki ya saki. Hob na rawa, yana ture murfin kaɗan-kaɗan har ya tofar da shi." Ya zare fin ɗin da ke riƙe notin, ya ɗaure notin yana juya tayar da hannu, sannan ya ɗan sassauta shi don kada boris ya shaƙe. Ya sa sabon fin, ya lanƙwasa ƙafafunsa sosai. Fin mai dogayen ƙafafu ma yana gogar murfi daga ciki.

Abu na biyu da ya nuna mini shi ne laifina. Ni a tunanina yawan giris alheri ne, don haka nakan cika murfin taf kafin in buga shi. Kuskure ne babba. Murfin da aka cika ba ya barin iska ta sami wuri. Idan hob ya yi zafi a kan kwalta, giris da iskar da ke ciki sai su kumbura, su turo murfin waje. Giris a cikin boris ake cusa shi, da tafin hannu, har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Murfin kuwa shafa kaɗan ta ishe shi. Bakin hob da leɓen murfin a goge su da tsumma su bushe, domin abin da ke da santsi ba ya kamawa.

Sai batun awo. Kada ka sayi murfi da ido. Tafi da tsohon, ko a auna maka ramin hob. Wanda aka fi samu a ƙananan tireloli shi ne mai faɗin inci 1.98, wato kimanin milimita 50. Idan awon daidai ne amma murfin na shiga da sauƙi, a sa ƙusa mai kauri ta cikin leɓensa a buga a hankali wuri uku ko huɗu, ya yi ɗan tudu a waje. Wajen sa shi, a ɗora guntun katako a kai, a buga katakon da guduma har murfin ya zauna daidai ta kowane gefe. Guduma kai-tsaye lotsa shi take yi. Masu naɗe shi da leda ko robar tsohon tif kuwa, suna ɓata wa kansu lokaci ne.

Idan ka isa bakin ruwa, kada ka yi gaggawar tura tirela ciki. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar ciki takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta sil ɗin baya, wato robar da ke toshe bayan hob. Tsaya kamar minti 15, ka kwance igiyoyi, ka shirya kaya. Taɓa hob da bayan hannu. In ya huce, bismillah.

Aikin gida: Nemi taya mai murfin giris, ko ta tirela ko ta gaban wata tsohuwar mota. Auna faɗin murfin da rula, ka rubuta lambar a littafinka. Rubuta kalmomin nan sau uku-uku: murfi, giris, boris, guduma.