Babi na Bakwai: Takardar Rangwame da Yadda Ake Karanta Ta

Iyayena da yayyena, a kasuwa babu mai koya muku neman ragi. Ku taya, mai kaya ya ce albarka, ku ƙara, a daidaita, in an auna ku nemi gyara. Amma a babban kanti ba a tayi. Farashi yana manne a jikin kanta, abin da aka rubuta shi za a biya. Ragin da ake samu a can a rubuce yake zuwa, a 'yar takarda ko a saƙon waya, shi ake kira takardar rangwame. Kun riga kun iya lambobi daga babin baya, don haka wannan ba zai gagare ku ba, in Allah ya yarda.

Darasi na 1: Inda ake samunta

Ku duba ƙasan rasit da bayansa kafin ku yar. Ku duba cikin kwalin madara ko na shayi, da jikin ledar omo, da ƙarƙashin marfin kwalbar lemo. Ku karɓi takardar tallan da ake miƙa muku a ƙofar kanti. A Amurka mutane da almakashi suke yanko irin waɗannan takardu daga jaridar ranar Lahadi, mu kuwa a nan yawanci a jikin kaya ko a waya suke zuwa. An fi yin garaɓasa gab da azumi, da lokacin sallah, da ƙarshen shekara. Kantunan intanet irin su Jumia kuma sukan yi tasu babba a watan Nuwamba.

Ku samu ambulan guda ɗaya ku riƙa tara su. Kada ku ajiye shi kusa da murhu ko inda rana take bugawa, domin rubutun rasit yana gogewa idan ya ji zafi, kuma takardar da ta goge babu mai karɓarta.

Darasi na 2: Kwanan wata

A nan za mu daɗe, domin a nan aka fi tuntuɓe. Kowace takardar rangwame tana da ranar da za ta daina aiki. In ranar ta wuce, takardar ta mutu, ko da sabuwa ce fil.

Ga yadda ake rubuta kwanan wata: 05/09/2026

Lambobi ne kashi uku, an raba su da sanda. Ku ɗora yatsa a hagu, domin boko daga hagu ake fara karanta shi. Kashi na farko rana ce. Na tsakiya wata ne. Na ƙarshe shekara ce. Ku faɗa da ƙarfi: rana, wata, shekara. Ku sake: rana, wata, shekara. To 05/09/2026 na nufin ranar 5 ga watan 9, shekara ta 2026. Sifirin da ke gaban 5 da 9 bai ƙara komai ba, cike wuri kawai ya yi.

Yanzu ga tambayar da nake so ku tsaya a kanta. Wane ne watan 9? Da yawa a aji sukan ce watan azumi. A lissafin Musulunci gaskiyarku ne, Ramadan shi ne na tara, kuma wannan ilimi ne mai daraja. Amma kanti da kamfani da kalandar boko suke aiki, a wurinsu watan 9 Satumba ne. Wanda ya ajiye takardarsa yana jiran azumi, zai kai ta bayan ta mutu. Ga watannin, ku kwafe su a bangon littafinku:

01 Janairu, 02 Fabrairu, 03 Maris, 04 Afrilu, 05 Mayu, 06 Yuni, 07 Yuli, 08 Agusta, 09 Satumba, 10 Oktoba, 11 Nuwamba, 12 Disamba.

Mu gwada wani: 09/05/2026. Ya yi kama da na farko, ko ba haka ba? Amma ba ɗaya suke ba. Yatsa a hagu. Rana 9, wata 5, wato 9 ga Mayu. Na farko 5 ga Satumba, wannan 9 ga Mayu, kusan wata huɗu ne tsakaninsu. Kada wanda ya rikice ya ji kunya. Ya koma hagu ya fara: rana, wata, shekara.

Ku kuma tabbatar takardar a tsaye kuka riƙe ta. In kuka juya ta ƙasa, 6 zai koma 9, Yuni ya zama Satumba.

Wani lokaci za ku ga kashi biyu ne kawai, kamar 11/2026. Wannan babu rana, wata ne da shekara: Nuwamba 2026. Kayan Amurka kuma sukan sa wata a gaba, rana ta biyo. In kuka ga lambar tsakiya ta wuce 12, kamar 03/25/2026, to irin wannan ne, tunda babu wata na 25.

Haba jama'a, wannan abu mun yi shi a allo, mun yi shi a littafi, amma har yanzu sai mutum ya ga babban rubutu mai ja ya zura takarda a aljihu, ya biya kuɗin adaidaita sahu zuwa kanti, bai ko kalli ƙasan takardar ba. Sai an tara kaya a kwando, layi ya yi tsawo a bayansa, mai karɓar kuɗi ta ce ta daina aiki tun makon jiya. Wannan ba rashin ilimi ba ne, gaggawa ce, kuma ba ta dace da ku ba. Kwanan watan yakan ɓuya a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. In ido bai gani sosai, a fito haske, ko a sa jika ya karanto lambobin, ku kuma ku fassara da kanku. A gida ake dubawa, kafin a sa takalmi.

Akwai kwanan wata na biyu, shi kuma a jikin kayan yake. Kanti yakan karya farashin abin da ya kusa lalacewa don ya rabu da shi. Ku juya gwangwanin ku nemi waɗannan baƙaƙe: MFD ko MFG ranar da aka yi kayan ce, EXP ko BB ranar da bai kamata a wuce ba. Ta biyun ita ce abin dubawa, kuma karatun ɗaya ne: rana, wata, shekara. Madarar jarirai da magani, in ranar ta wuce ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. Ku duba lambar NAFDAC ma a jiki.

Darasi na 3: Nawa aka rage

Wata takardar kuɗi take faɗa kai tsaye, kamar ₦500. Wata kuma alamar % take ɗauke da ita, ma'anarta kashi kaza cikin ɗari. In an rubuta 10%, ku cire sifiri ɗaya daga ƙarshen farashi. Kayan ₦5,000, ragin ₦500 ne, za ku biya ₦4,500. In 20% ne ku ninka ragin, ₦1,000. In 50% ne rabin kuɗi.

Ku nemi sharaɗi. Wata ba ta aiki sai an yi sayayyar kuɗi kaza, wata a reshe ɗaya kawai, wata a kan babban mazubi. In za a rage muku ₦500 amma sai kun ƙara kayan ₦3,000 da gida ba ya bukata, ku bar ta. Ku kuma gwada da farashin kasuwa, sau da yawa sukarin mudu ya fi na kwali sauƙi ko bayan ragin. A miƙa takarda kafin a buga lissafi, a duba rasit kafin a fita.

Darasi na 4: Lambar rangwame a waya

Baƙaƙe ne da lambobi a haɗe, ana rubuta su a akwatin da aka tanada kafin a biya. Ku kwafa ɗaya bayan ɗaya. Ku lura da 0 da O, da kuma 1 da I. Ita ma tana da kwanan wata.

Darasi na 5: 'Yan damfara

Duk wanda ya kira ya ce kun ci kyauta, amma ku turo kuɗi, ko lambar sirrin katin banki, ko BVN, ko lambar da banki ya aiko muku yanzu, ku kashe waya.

Aikin gida

Kowa ya zo da rasit ɗaya da gwangwani ko leda ɗaya ranar aji mai zuwa. Ku rubuta waɗannan da kalmomi a littafinku: 01/07/2026, 12/10/2026, 30/06/2027, 08/2027.