Yadda Ake Fita Cin Abinci da Abokai a Legas Ba Tare da Kowa Ya Ji Kunya Ba

Shekarun baya mun fita mu takwas zuwa wani gidan abinci a Victoria Island, don taya ɗayanmu murnar ƙarin girma a wurin aiki. A cikinmu akwai ƙanin wani abokinmu, wanda bai fi wata biyu da zuwa Ikko neman aiki ba. Da ya buɗe takardar farashi ya ga kuɗin abinci, sai ya rufe ta a hankali, ya ce shi ruwa kawai zai sha, wai ya ci a gida. Mun san bai ci ba, tun Azahar muna tare. Da aka kawo lissafi wani ya ce a raba daidai. Yaron ya sa hannu a aljihu, fuskarsa ta canza. Yayansa ya biya masa a gaban kowa, kuma tun daga ranar bai ƙara binmu ko'ina ba. Har yau abin yana damuna, domin laifinmu ne mu manya da muka fito babu tsari. Ga abin da muke yi tun daga lokacin.

Mataki na farko: a gama maganar kuɗi tun a gida

Mu Hausawa muna da kunyar maganar kuɗi a kan abinci, kuma tarbiyya ce mai kyau. A gida wanda ya kira ka shi ke ciyar da kai, ba ka tambayarsa nawa ya kashe. To amma gidan abinci a Legas daban yake da zauren gidanku. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin mutum takwas ko goma, sai wanda Allah ya hore wa sosai. In ba a faɗi komai ba, kowa zai taho da nasa zaton: wani ya ɗauka mai gayya zai biya, wani ya ɗauka kowa tasa ta fisshe shi.

Saboda haka mutum ɗaya ya zama jagora, ya rubuta a zauren WhatsApp ɗinku a fili. In shi zai biya, ya ce: "Jama'a, ranar Asabar ku baƙina ne, kada kowa ya zo da komai." In karo-karo za a yi, ya faɗi adadin da kowa zai bayar, ya ba da lambar asusu, a tura kafin ranar. Ni karo-karo na fi so, domin idan kuɗin suna hannu an san iyakar abin da za a ci, kuma babu mai zaro walat a gaban ɗan'uwansa.

Wajen yanke adadin, a duba wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi a cikinku. Da aljihunsa za a auna, ba da na Alhajin da ke sauke kwantena a Apapa ba. In akwai wanda ka san ko wannan zai yi masa nauyi, ɗalibi ne ko mai neman aiki, ka kira shi kai da shi, ba a cikin zauren ba. Ka ce masa: "Ƙanina, naka an riga an biya, ka zo kawai." Masu hali biyu ko uku su rufe gurbinsa, kuma kada sauran su san wa aka biya wa. Shi ma jagora ya riƙe bakinsa.

Mataki na biyu: a zaɓi wurin da kowa zai iya kaiwa

A Legas da awa ake auna nisa. Abokanka suna warwatse, wani a Agege, wani a Idi-Araba, wani a Mile 12, wani a Alaba Rago, wani kuma can Ajah. In ka sa wuri a Lekki, mutumin Agege zai ratsa gari, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya biya kuɗin mota da zai iya kai kuɗin abincin kansa. Ikeja, Yaba da Surulere sun fi zama tsakiya ga yawancinmu. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Mai katin Cowry, wato katin da ake biyan kuɗin jirgin da shi, zai iya zuwa Yaba daga Agege ba tare da ya shiga gosulo ba. Mutanen ɓangaren Mile 2 kuma suna da Blue Line zuwa Marina tun 2023.

Kada a dogara da acaɓa. Tun watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, wato daidai inda gidajen abincin suka fi yawa.

Sannan ba dole sai wuri mai sanyin na'ura da kiɗa ba. Bukar amala mai tsabta, ko benci a wajen mai tsire a Obalende, ko gidan tuwo da masa a cikin Agege, duk suna ɗaukar mutum goma, kuma hira ta fi daɗi inda ba sai an ɗaga murya ba.

Mataki na uku: lokaci

Yammacin Juma'a a bar shi, gari a cushe yake. Asabar ko Lahadi bayan La'asar ya fi. Magariba a Legas tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00 kusan duk shekara, don haka ko dai a zauna ƙarfe 4:30 a tashi kafin kiran salla, ko a haɗu a masallaci mafi kusa a yi salla tare sannan a shiga. Wannan na biyun yana da wani amfani: masu latti sukan iso kafin a idar. A watan Yuni da Yuli a duba sama kafin a fito, ruwan awa biyu yana iya mai da titunan Lekki kogi.

Mataki na huɗu: a kira gidan abincin kafin a je

In kun haura mutum shida, jagora ya buga waya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ya kama tebur, ya nemi a turo masa takardar farashi ta yanzu, domin wadda ke intanet sau da yawa ta tsufa. Ya tambaya ko farashin ya haɗa da haraji, ko akwai wani adadin da dole tebur ya kashe, da ko akwai wurin da za a shimfiɗa darduma. In da mata a tafiyar, ya tambayi yanayin wurin da daddare, don wasu gidajen da rana gidan abinci ne, bayan Isha'i su koma mashaya.

Sai maganar halal, wadda bai kamata a ji nauyin yin ta ba. Naman shanu da na awaki a Legas galibi daga mayanka yake fitowa, irin babbar mayankar Oko-Oba da ke Agege, inda 'yan'uwanmu mahauta da fataken shanu suke cike. Masu bukar amala da yawa ma Musulmi ne, Alhaja ce za ka tarar a bakin tukunya. Inda ake buƙatar lura shi ne gidajen abincin 'yan Sin da na Turawa: naman alade yana shiga cikin soyayyar shinkafa, da sosej, da yankakken naman da ake jerawa a kan fiza, wasu miyoyin kuma da giya ake haɗa su. A tambaya kai tsaye, a kuma tambaya ko kasko ɗaya ake soya komai. Naman daji a buka, wanda ba a san yadda aka kashe shi ba, a bar shi. Akwai kuma Chapman, jan lemon nan da kowa ke ɗauka ruwan zaƙi ne zalla. Yawanci ana ɗiga masa Angostura, wanda akwai giya a cikinsa. Ka ce a haɗa maka ba tare da shi ba, za su yi.

Mataki na biyar: a kan tebur

Ku gaida ma'aikatan wurin. In dattijuwa ce mai buka, ka ce "Mama, e ku ishe", wato sannu da aiki da Yarbanci, za ka ga yadda fuskarta za ta saki. Mutum ɗaya ya tattara abin da kowa ke so, ya rubuta a wayarsa da farashinsa, ya karanta wa mai kawo abinci sau ɗaya. Mutum goma suna magana lokaci guda shi ke sa a kawo abin da ba a ce ba, a kuma rubuta shi a lissafi.

Ku sa manya su fara zaɓa, amma jagora ya faɗi iyaka tun farko cikin raha: "Kowa ya ɗauki abinci ɗaya da abin sha ɗaya, nama kuma na tsakiya ne." Abin da aka ajiye a tsakiya, tsire ko gasasshen kifi ko soyayyar ayaba, shi ke mai da zaman ya zama ciyayya irin ta gida, kuma shi ke rufa wa mai ƙaramin faranti asiri.

Wanda bai saba da girkin Yarabawa ba a yi masa jagora. Amala da ewedu da gbegiri ba baƙon abu ba ne in aka duba: ewedu lalo ne, gbegiri miyar wake ce, iru ɗin da ke ba miyarsu ƙamshi kuwa daddawarmu ce ta kalwa. Ponmo ganda ce. Amma shinkafar Ofada da miyarta ayamase, da asun, wato gasasshen naman akuya da ake juyawa cikin attaruhu, suna da yajin da mai gyambon ciki ya kamata ya yi nesa da shi. A tambayi kowa ko akwai wanda jatan lande ko ƙaguwa ke tayar wa da ƙaiƙayi, don a Legas dakakken jatan lande yana shiga miya da yawa ba tare da an gan shi ba. Farfesun tarwada da ake nuna maka kifin da ransa sannan a yanka, da girman kifi ake yi masa kuɗi. A ji farashin kafin a sa wuƙa, kuma a ba da odarsa da wuri domin yana ɗaukar lokaci.

Mataki na shida: lissafi

A manyan gidajen abinci, kuɗin da ka gani a takarda sau da yawa ba shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda ya koma haka tun Fabrairun 2020. Akwai harajin Jihar Legas na kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka ci a otal da gidajen abinci, bisa dokar 2009. Wasu kuma suna ƙara kuɗin hidima na kansu. A ce ku takwas kun ci na naira 80,000. VAT zai zama 6,000, na jiha 4,000, in kuɗin hidima kashi 10 ne ga wata 8,000. Jimla 98,000. Wanda ya zo da 10,000 cif yana ganin ya gama, ashe 12,250 ke kansa. Shi ya sa tun wajen yanke karo-karo nake ɗora kusan kashi ɗaya bisa huɗu a kan farashin takarda. In an samu rara, a mayar wa jama'a ko a ajiye ta don fita ta gaba, kuma a faɗa a zaure nawa ne.

Jagora kaɗai zai karɓi takardar lissafi. Ya gwada ta da abin da ya rubuta a waya, layi bayan layi, musamman ruwa da lemo, inda kuskure ya fi yawa. In ya ga ƙari ya yi magana a hankali, ba tare da zargin kowa da sata ba. Ya fi kyau ya tashi ya je wajen mai karɓar kuɗi ya biya a can, sauran suna ci gaba da hira. Ya tafi da kati da kuma ɗan tsabar kuɗi, saboda na'urar POS takan ƙi aiki, turawa ta waya ma takan maƙale. In turawa ya yi, ya tabbatar sunan asusun na gidan abincin ne, ya jira su ga shigar kuɗin, ya karɓi rasit.

Kada a manta da wanda ya yi ta kai da kawowa a kanku awa biyu. A ba shi na goro a hannunsa, ko da an rubuta kuɗin hidima a takarda. Haka mai gadin da ya duba motoci.

Mataki na bakwai: ragowa da hanyar gida

Abin da ya rage a sa a juye muku shi. Tun Janairun 2024 Legas ta hana farar robar kumfa da ake zuba abinci a ciki, don haka wasu wuraren suna cajin kuɗin mazubi, kaɗan ne, a biya. Jagora ya miƙa ƙunshin ga mai iyali ko ga ɗalibin cikinku a bakin mota, ba a kan tebur ba.

Kafin a watse a san yadda kowa zai koma. Masu mota su kwashi waɗanda hanyarsu ta zo ɗaya. Mai bin jirgi ya riga ya duba lokacin na ƙarshe tun da rana. Mata kada a bar su su tsaya jiran danfo, wato ƙaramar bas ta haya, su kaɗai da dare, a kira musu mota ta manhaja, a ɗauki lambarta, ko ɗaya daga cikin 'yan'uwa ya raka su har ƙofar gida. Wanda aka biya wa abinci a ɓoye, a tuna kuɗin motarsa ma, a cusa masa a hannu lokacin musabaha. Kowa ya isa ya rubuta "na iso lafiya" a zaure, shi kuma jagora kada ya kwanta sai ya ƙirga saƙonnin sun cika.