Yadda Nake Haɗa Rahoton Hatsi a Sakkwato

Ranar da na fara karanta farashin gero a rediyo, kuɗin da dillali ya faɗa mini da baki na karanta. Washegari wani dattijo ya tare ni a Kasuwar Kara ya ce, "Ɗiyata, wanga kuɗin da kika faɗi, wa kika ga ya biya shi?" Na rasa amsa. Manoma sun ji, wasu sun ɗauro kaya daga ƙauye da sa rai, suka tarar ba haka ba. Har yau abin na damuna, shi ya sa nake rubuta wa ƙannena mata masu son wannan aiki yadda nake yi yanzu.

Ki je kasuwa da sassafe, lokacin da ake sauke buhuna. Kada ki fara da tambaya. Ki gaida mai kaya, ki samu gefe ki tsaya har a yi ciniki a gabanki, a ce "albarka", a ƙara, a sallama. Kuɗin sallamawa za ki rubuta, kuma a wurin mutum uku aƙalla. Ki raba sabon gero da tsoho, farar dawa da ja.

Awo ne ke kayar da mutane. Tiya ba ɗaya ba ce ko'ina, kuma wani na cika ta da tozo, wani na shafewa. Idan an ce miki kuɗin buhu, ki tambayi tiya nawa ke ciki. Ni da tiyata nake yawo a jaka, in sayi awo ɗaya in juye a tawa in gani.

Ki sa ido kan Illela. Gero da wake na ƙetarawa tsakaninta da Ƙonni ta Nijar, don haka canjin sefa da naira na taɓa kwanon tuwon cikin gari. Mun gani da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar.

Amma farashin kaka tun a gona ake karanta shi. Wata 'yar jarida a Kanada, Cora Hind, da haka ta yi suna. Jaridar Manitoba Free Press ta ƙi ɗaukarta a 1882 don tana mace, sai a 1901 ta ba ta ɓangaren noma. Takan shiga gonakin alkama da ƙafarta tana murza zangarniya a tafin hannu, har 'yan kasuwar hatsi na duniya suka riƙa jiran ƙiyasinta. Haka nake yi daga Agusta zuwa Satumba. Kada ki tsaya bakin hanya, nan ne shuka ta fi kyau ko ta fi muni. Ki nemi izinin mai gona, ki kutsa tsakiya. Ki kama zangarniya ki murza: ƙwaya ta cika ko holoƙo ce? Ki duba ko tsutsa ta zagaye ta da zane, ki duba ƙuduji a gindi. Ki tambaya ko tsuntsayen jan baki sun sauka, da kwana nawa ruwa ya yi bai zo ba lokacin da gero ke bununi.

Daga nan ki shiga cikin gida, inda ɗan jarida namiji ba ya kaiwa. Mai gida zai faɗa miki dami nawa ya ɗaure, watakila ya rage saboda baki. Matan da ke sussuka su ne suka san abin da dami ke bayarwa. Ki zauna kan tabarma, ki sha furar da aka miƙo, ki ce, "Inna, damin bana tiya nawa yake fitarwa, na bara fa?" Ki rubuta amsar da sunan ƙauyen da kwanan wata, a littafin da za ki sake ɗaukowa baɗi.