Babi na Shida: Yadda Ake Goge Wasiƙa a Manhajar Imel

Darasi na ɗaya

A ajinmu na yamma a Gusau na lura cewa ɗalibi yakan iya buɗe wasiƙa da aika amsa ba da daɗewa ba, amma idan aka zo goge wasiƙa sai hannunsa ya fara rawa. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma za ku iya da yardar Allah. Za mu yi aiki da manhajar Thunderbird, wadda ake samu kyauta, amma wanda ke amfani da Outlook a wurin aikinsa zai tarar da matakan kusan iri ɗaya ne.

Ku buɗe manhajar, ku dubi gefen hagu, ku danna inda aka rubuta Inbox, wato akwatin da wasiƙu ke shigowa. Ku kai kibiyar linzami kan wasiƙar da ba ku so, ku danna maɓallin hagu na linzamin sau ɗaya. Layin wasiƙar zai canza launi, kuma wannan launin shi ne alamar cewa ita kwamfuta za ta goge. Ku karanta sunan wanda ya aiko ta kafin ku ci gaba. Sai ku nemi maɓallin Delete a ɓangaren dama na allon rubutu, wanda a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ake taƙaita shi da Del.

Ku danna shi sau ɗaya, ku ɗaga yatsa.

Dalili kuwa shi ne, da zarar wasiƙar ta tafi, launin nan yakan koma kan wasiƙar da ke kusa da ita, saboda haka idan yatsanku yana kan maɓallin, ita ma za ta bi 'yar'uwarta, ta bayanta ma ta bi. Wani dattijo a ajinmu, sakataren ƙungiyar manoma, ya danne maɓallin yana jiran ya ga abin da zai faru, kafin ya ɗaga kai wasiƙu da dama sun tafi, har da ta rabon taki. Ku dubi launi, ku karanta suna, ku danna sau ɗaya, ku ɗaga yatsa. Idan akwai wata wasiƙar da za ku goge, ku sake duba launin daga farko, kada ku ɗauka cewa yana inda kuke zato. Na faɗi wannan a aji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma har yanzu wasu suna danne maɓallin kamar masu dangwala yatsa a takardar zaɓe. Malamai da Hajiyoyi, don Allah a daina. Sau ɗaya, a ɗaga yatsa.

Idan kuskuren ya riga ya auku, ku riƙe maɓallin Ctrl, ku danna Z nan take, wasiƙar za ta dawo.

Darasi na biyu

Wasiƙar da aka goge tana komawa kwandon shara, wanda aka rubuta wa Trash a gefen hagu, a Outlook kuma Deleted Items. Ku buɗe shi, ku danne wasiƙar da linzami, ku ja ta zuwa Inbox, sannan ku saki. Mai adireshin Gmail kada ya yi jinkiri, domin bayan kwana 30 ana share kwandon ko bai nema ba.

Darasi na uku

Kada ku haɗa Shift da Delete, domin wasiƙar ba za ta biya ta kwando ba.

Darasi na huɗu

Idan kun tabbata babu abin da kuke bukata a kwandon, ku danna maɓallin dama na linzami a kan Trash, ku zaɓi Empty Trash.