Yadda Ake Gane Ayu a Kogi

Wanda yake son ganin ayu a Kogin Kwara, ko Binuwai, ko tafkin Lere na ƙasar Chadi, sai ya fara da neman alamunsa, domin ba kasafai dabbar take nuna jikinta ba. A fita da kwalekwale da asubahi ko da almuru, a kashe inji, a nufi wurin da ruwa yake kwance kuma ciyawar burgu ta yi kauri.

Da farko a duba ciyawar bakin gaɓa. Ayu yana kama ta da leɓensa na sama, wanda ya rabu gida biyu, ya fizge, sai ka tarar da guntattakin ganye suna yawo a kan ruwa. Kashinsa ma yakan taso sama, kuma ya yi kama da na doki. Yashin da ke jikin ciyawar yana cinye masa haƙora, shi ya sa sababbi suke fitowa daga can ƙuryar muƙamuƙi, suna turo tsofaffin gaba har su zube, muddin yana raye.

Daga nan sai haƙuri. Ayu ba kifi ba ne, huhu gare shi, kuma yakan taso shaƙar iska bayan minti 3 zuwa 5, ko da yake idan yana hutawa yana iya kai minti 20 a ƙarƙashin ruwa. Ƙofofin hanci biyu kawai za ka gani sun buɗe, ka ji ɗan huci, su rufe su nutse. A nan ake bambanta shi da dorina: ita tana fito da idanu da kunnuwa, shi kuwa ba shi da kunnen waje. Idan ka ga kunne, ja da baya.

Idan aka yi sa'a ya matso, a lura da yadda yake juya dukkan jikinsa kafin ya dubi gefe, saboda ƙasusuwan wuyansa 6 ne, ba 7 ba kamar na yawancin dabbobi masu shayarwa. Mace tana shayar da ɗanta ta hammata, kuma ɗa guda take haifa bayan cikin kimanin shekara ɗaya.

Wannan jinkirin haihuwa ne ya sa kashe shi don nama ko man ayu yake saurin ƙarar da shi, kuma dokar Najeriya ta 1985 ta haramta farautarsa. Idan ya faɗa raga, a bar hancinsa a sama, a yanke zaren a sake shi.