Kurakuran da aka fi yi a saƙar kwarashi da yadda ake gyara su

Yawancin matsalolin saƙar kwarashi a gefe suke fitowa. Tsakiyar aiki kan ɓoye laifi, amma gefe ba ya rufa asiri: ko ya karkace, ko ya yi ta tsukewa layi bayan layi, ko ya yi ta buɗewa har abin da aka nufa da kusurwa huɗu ya koma wani fasali dabam. Kafin ki ɗora wa zare ko kwarashi laifi, 'yar'uwa, shimfiɗa aikin ki ƙirga idanun layin ƙarshe, wato ɗaiɗaikun saƙar da ke jere a layin, ki gwada da adadin da kika faro da shi. Sau da yawa a nan za ki gano bakin zaren.

Tushen abin shi ne sarƙar da ake yi kafin a juya aiki. Guntuwar saƙa, wadda ake zura kwarashi a jawo zare, zoben zare biyu su hau kwarashin, a naɗa a ja ta cikinsu gaba ɗaya, sarƙa 1 take buƙata wajen juyawa. Ba a lissafa wannan sarƙar a matsayin ido, don haka a ido na farko za ki fara saƙa. Doguwar saƙa kuwa, wadda ake naɗa zare tun kafin a zura, zobe uku su hau, a sauke su bibbiyu, sarƙa 3 ake yi mata, kuma bisa al'adar aikin ita ce ke tsayawa a matsayin ido na farko. Ma'ana, ki tsallake idon da ke gindinta ki fara a na biyu, sannan in kin kai ƙarshen layi ki saƙa na ƙarshe a kan sarƙa ta uku ta layin ƙasa.

A nan ake tuntuɓe iri biyu. Wata za ta yi sarƙa 3 sannan ta sake saƙa a gindinta, ta ƙara ido ɗaya kowane layi ba ta sani ba. Wata kuma ba ta ganin sarƙar ƙarshe, domin takan kwanta ta matse a gefe, sai ta juya ta bar ta. Layi goma kawai, an rasa ido goma. Maganin ba wuya: da zarar kin gama sarƙar juyawa, maƙala ɗan fil ko guntun zare mai wani launi a kanta. In kin dawo ta wurin, shi zai nuna miki inda za ki tsaya. Kuma ki ƙirga kowane layi, ko da kin ga hannunki ya faɗa. Ni a ganina babu ɗabi'ar da ta kai wannan amfani a duk sana'ar. Idan ramukan da sarƙa 3 ke bari a gefe ne ba ki so, yi sarƙa 2, kada ki lissafa ta, ki fara a ido na farko. Abin kiyayewa kawai, hanyar da kika zaɓa ki bi ta har ƙarshe.

Sarƙar tushe, wadda ake fara aikin da ita, ma tana da nata rigimar. Mai koyo kan ɗame ta, sai layukan sama su fi ta faɗi, aikin ya lanƙwashe ta ƙasa. Ki yi ta da kwarashin da ya fi naki girma da rabin milimita ko milimita 1, sannan ki koma kan na aikin. Wajen ƙirga ta, zoben da ke kan kwarashi ba ya cikin lissafi.

Ɗamewar hannu gaba ɗaya tana da wani sanadi da ba a cika lura da shi ba. Kusa da baki, kwarashi yana da siririn wuya, daga nan sai gangar jikinsa, kuma kaurin gangar jikin ne lambar da aka rubuta a matsayin girman kwarashin. Wadda ke barin zobe a wuya za ta samu idanu ƙanana, ta yi ta kokawa kafin ta zura a layi na gaba, yatsu su yi ciwo. Kowane zobe ki tura shi ya hau gangar jiki kafin ki sauke.

Duba saman layi da kyau: kowane ido yana da zare biyu a kwance kamar harafin V. A ƙarƙashin dukansu ake zurawa. Ɗaukar na baya kaɗai yana fitar da tudu-tudu mai miƙewa, wanda da gangan ake yinsa a bakin hula ko hannun riga. Matsalar ita ce a yi ta gauraya su, nan biyu, can ɗaya, sai fuskar aikin ta yi dabbare-dabbare.

Saƙar da'ira lissafi ce tsantsa. Da guntuwar saƙa ana farawa da ido 6, kowane zagaye a ƙara 6: 12, 18, 24, 30, haka dai. Da doguwa ana farawa da 12, a riƙa ƙara 12. Idan gefen ya tashi sama ya yi zurfi, ƙarin ya yi kaɗan ko hannu ya ɗame. Idan ya yi tattara ya ƙi kwanciya, ƙarin ya yi yawa. Warware zuwa zagayen da ya kwanta lafiya shi ne gyara, guga ba za ta ceci lissafin da ya ɓaci ba. Wani lokaci kuma lissafi daidai ne amma da'irar ta fito da kusurwa shida, saboda an jera ƙarin a wuri ɗaya kowane zagaye. Ki riƙa sauya masa wuri.

Idan aka zo kan ado, kuskuren yakan faru ne tun kafin a fara, wato a yawan sarƙar tushe. Ɗauki adon mafici: doguwar saƙa 5 a ido ɗaya, a tsallake 2, guntuwa ɗaya, a tsallake 2, a maimaita. Kowane mafici ido 6 yake ci. In ba a raba layin shida-shida an ƙara ido ɗaya na rufewa ba, za a kai ƙarshe da rabin mafici a hannu. Wadda ta tsallake ido 1 maimakon 2 za ta ga aikin yana tattarewa, wadda ta tsallake 3 kuma sai ya tsuke.

Adon dunƙule ya fi ruɗa mutane. Ana yin doguwar saƙa 5 a ido ɗaya, amma kowace a tsaya rabi, har zobe 6 su taru a kan kwarashi, sannan a naɗa a ja ta cikinsu duka. Dunƙulen yana bultsowa ne ta fuskar da ba ta kallon mai saƙa, shi ya sa ake yinsa a layin da bayan aiki ke fuskantarki. Ki bi shi da guntuwar saƙa a ɗan matse, ita ce ke tura shi ya tashi.

Wajen canza launi, kada ki jira ki gama ido. A jan ƙarshe na idon da ke gabansa ake shigar da sabon zare, in ba haka ba tsohon launi zai leƙo cikin sabon. Kuma ƙulla zare a yanke shi a gindi ganganci ne, wanki ɗaya ko biyu ya kwance. Bar wutsiya kamar santimita 15, ki sa a allura ki bi ta cikin saƙar, ki dawo baya, sannan ki yanke.

Mai bin tsarin saƙa a intanet ta kula da inda aka rubuta shi. Abin da Amurkawa ke kira dabul, doguwar saƙa ce, amma a Ingila dabul guntuwa ce. In kin ga kalmar singil, sunan da Amurkawa ke kiran guntuwar saƙa, a cikin tsarin, na Amurka ne. Ga mai koyo, zare mai haske, mai santsi, matsakaicin kauri da kwarashi mai milimita 4 ko 5 ya fi, domin baƙin zare yana ɓoye idanu. Kafin babban aiki irin riga, saƙa ɗan gwaji da ya ɗan wuce santimita 10 ki auna, ki sauya kwarashi in bai yi daidai da tsarin ba. Ki kuma sayi zaren da zai ishe ki lokaci ɗaya, mai lambar rini ɗaya, don launin na iya bambanta kaɗan. Idan zaren roba ne, kada dutsen guga mai zafi ya taɓa shi, narkewa yake yi. Jiƙa aikin, ki shimfiɗa, ki kafe shi da fil a fasalin da kike so, ki bari ya bushe.